Kwana huɗu a Abuja ina neman zaure

Tun ranar Lahadi na dawo amma sai yau na samu natsuwar rubuta wannan, ga gajiyar hanya ga murar da esin ofisoshin mutanen nan ya saka min. Abin da ya kai ni ba wani abin a zo a gani ba ne, wata takarda ce tawa ta maƙale a wani ofis wata da watanni, duk wanda na kira sai yace Malam ai zuwa da kai ya fi saƙo, toh ranar Laraba ina idar da sallar asuba na rataya jaka na nufi Kwangila. Sharon na samu, 12,000 kujera, sai da muka yi kusan awa ɗaya muna jiran mutum biyu su cika.

Zariya zuwa Kaduna ba labari, gyangyaɗi na yi na farka mun wuce Jaji. Daga Gonin Gora ne hanya ta fara nuna halinta, aikin titin nan da aka yi shekaru ana yi, a haɗe ku hannu ɗaya da tireloli, ƙura kamar ana sussuka. Da muka doshi Rijana motar tayi tsit, ba wanda yace a yi shiru fa, amma har hajiyar da take ta waya tun daga tasha ta kashe ta jawo carbi. Daji ne kamar kowane daji, itatuwa da ciyawa, sunan wurin ne kawai ya riga ya shiga jikin mutane. Shingen jami'ai kuwa ban ƙirga ba, buhunan yashi, durom, tsohuwar taya, wani wurin katako mai ƙusoshi, abin da na lura shi ne direbanmu tun daga nesa yake gane wane iri ne, na ɗaga hannu a wuce ne ko na ɗan sunkuyar da hannu ta taga. Ni ina gaba kusa da shi sai na tambaye shi ya ake yi yake sani, yace Malam hanya magana take yi, wanda bai iya jinta ba shi yake kwana a daji. Ya nuna min ɗanyen ganye da aka jejjera a kan kwalta yace ka ga wannan, mota ce ta lalace a gaba, in wanda yake tahowa ya ƙifta maka fitila akwai abu a gaba ka rage, in ka ga jarka a kan rufin mota a gefen titi ta sayarwa ce, in kuma kuka yi minti biyar ba mota ko ɗaya da ta fito daga ɗaya hannun to ka tsaya, wannan ita ce alamar da ta fi kowacce muni. A Tafa muka ci abinci, shinkafa da wake da mai da yaji 1,500, ba laifi.

Sai Zuma. Na sha wuce dutsen nan amma duk sanda ya ɓullo sai na ji wani iri. Wani ɗalibi a baya ya zaro naira 100 yana gwadawa da na jikin kuɗin, hajiya tana cewa wai ga idanu ga hanci ga baki. Ni tsakani da Allah in ka duba da kyau ramuka ne da zanen da ruwa ya bari, amma tunda aka taɓa ce min fuska ce ina yaro ban ƙara iya ganinsa a matsayin dutse kawai ba, kullum kallona yake. Kuma mu Zazzagawa muna da ta cewa a wurin nan, don sunan Abuja ɗin ma namu ne. Sarakunan Haɓe na Zazzau da jihadi ya fitar daga Zariya su ne suka gangaro nan, Abu Ja ya kafa garinsa a 1828, da gwamnati ta so sunan don sabon babban birni sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, har gobe sarkinsu Sarkin Zazzau ake ce masa. Na faɗi haka a motar direba yace to Malam in ka shiga ka ce musu a ba ka fuloti ɗaya na gado, aka yi dariya.

A Zuba aka juye mu. Nan na ga matan Gbagyi, waɗanda muke ce wa Gwari, da itace a kafaɗa ba a ka ba, su a wurinsu kai ya fi ƙarfin a ɗora masa kaya. Su ne masu ƙasar tun asali. Daga nan na shiga ƙananan motocin da suke ce wa alon, mutum huɗu a baya biyu a gaba, titin Kubwa mai faɗin da sai ka rasa ina mai ƙafa zai bi, na sauka na sake wata zuwa mahaɗar AYA na sake wata zuwa Mararaba, kafin in isa 3,000 ta tashi kuma la'asar ta yi.

Ɗan yayata ne ya sauke ni, yaron da ya karanta zanen gine-gine a ABU, yanzu yana aiki da wani kamfani a Wuse 2 yana zana wa manya gidaje masu ɗaki takwas da wurin ninƙaya, shi kuma yana kwana a ɗaki ɗaya a Mararaba, wadda ba ma Abuja ba ce, jihar Nasarawa ce. Bayan isha'i muka fita teburin mai shayi, indomi da ƙwai da shayi mai kauri, ina ba shi labarin direba da ganyensa da jarkarsa sai ya tuntsire da dariya yace Kawu ai direban nan ya gama kwas ɗin da ya kusa kayar da mu a aji uku. Wai akwai fanni guda da ake kira ilimin alamomi, Turawa suna ce masa semiyotik, aikinsa kenan bin yadda abu yake tsayawa a madadin wani abu har mutum ya fahimci saƙo ba a buɗe baki ba. Yace wani Ba'amurke Charles Peirce da ya mutu a 1914 ya kasa alama gida uku. Akwai wadda take kama da abin, kamar hoton fasfo, ko fuskar Zuman nan taka. Akwai wadda abin ne da kansa ya haifar da ita, hayaƙi da wuta, ko tsagewar bango da take gaya maka tushe ya zauna, ko shirun hanyar da direbanka yake tsoro. Sai wadda ba ta kama da komai mutane ne kawai suka yarda a kanta, ganye a titi, jarka a kan mota, kore fari kore. Yace kuma gini duk yana yin ukun, duk wanda ya ɗora bulo a kan bulo magana yake yi ko ya sani ko bai sani ba.

Nace ɗana kakanka ya san wannan kuma ko ƙofar ABU bai taɓa shiga ba.

Babanmu Allah ya jiƙansa maginin ƙasa ne a cikin birnin Zariya, da tubali da azara da makuba ya ciyar da mu. In yana gini bai cewa komai don kwalliya kawai aka yi shi. Zaure shi ne bakin gida, ƙofar shiga da ta wucewa ciki ba a taɓa yin su saiti ɗaya, don wanda yake tsaye a waje kar idonsa ya faɗa tsakar gida, wato gidan yana ce maka marhaba shigo ka zauna amma iyakarka nan. In kai na jiki ne ka wuce shigifa, in muharrami ne ka shiga ciki, ba mai gadi ba takarda amma kowa ya san matsayinsa daga inda aka shimfiɗa masa tabarma. A zauren nan ake ciyayya da maƙwabta, a nan almajirai suke kwana, a nan ake ɗaura aure a nan ake zaman makoki, baƙon da dare ya yi masa ba ya ma neman izini, sallama kawai zai yi a miƙo masa buta da tuwo. Zankwayen da suke tsaye a saman soro kamar kunnuwan zomo suna ƙara wa kusurwa nauyi, magina kuma suna samun abin kamawa in sun hau yaɓe, amma a idon mai wucewa cewa suke mai gidan nan ya isa. Ga dagi a saman ƙofa, ga waɗanda suka samu kuɗi a zamanin gyaɗa da auduga suka sa aka zana musu keke ko mota ko agogo a jikin bango, duk wanda ya bi tsofaffin unguwanni zai ga ragowarsu. Labarin zuciya a tambayi fuska, haka Baba yake cewa in ya tsaya gaban gidan da bai san mai shi ba, ya kalla ya kalla ya ce wannan ɗan kasuwa ne, wancan malami ne, wancan kuma bashi ya ci ya yi ginin.

Yaro yace to Kawu gobe ka karanta min Abuja mu ji.

Ranar Alhamis biyar da rabi muka fito amma goslon Nyanya ya riga mu tashi, daga Mararaba zuwa AYA tafiyar da bata kai komai ba muka yi kusan awa biyu, motoci maƙil, duk masu shara da direbobi da masinjoji da ƙananan ma'aikatan da suke riƙe da birnin ne suke kwarara ciki da safe, da yamma kuma birnin ya amayo su. Ofishin da na je ba zan faɗi sunansa ba. Abin da zan faɗa shi ne matakalar da take gabansa, tun daga bakin get sai ka yi tafiya a fili fetal ba inuwa, sannan ka hau matakala mai faɗi wadda ba ta da wani dalili don ƙasar wurin a shimfiɗe take, kafin ka kai ƙofa kana haki kuma ka riga ka ƙanƙance. Gilas ɗin baƙi ne, su suna ganinka kai kanka kawai kake gani da jakarka da gumi. Lifta biyu, ɗaya an rubuta ta manya ce ɗayar kuma ta lalace. Na hau bene na huɗu da ƙafa aka ce oga yana mitin, na zauna a benci a wani lungu har azahar, da na samu shiga kuwa teburinsa kaɗai ya kai girman gadon amarya, kujerarsa doguwa tawa gajera, ban san sanda na fara ranka ya daɗe ranka ya daɗe ba alhali yaron da ƙyar in ya girmi ɗalibaina na farko. An ce in dawo bayan sati biyu. Da nake ba ɗan yayata labari yace ai ba kuskure ba ne Kawu, zana shi ake yi haka. Na yi shiru don na tuna fadar sarakunanmu ma haka take, zaure bayan zaure, ka cire takalmi tun daga nesa, wata ƙofar sai ka sunkuya. Mulki dai halinsa ɗaya ko da ƙasa aka gina shi ko da gilas, bambancin kawai a can ko ba ka ga sarki ba za ka samu inuwa da ruwan randa.

Ranar Juma'a ɗan yayata ya ɗauki rabin yini daga aiki ya zaga da ni tsakiyar gari, nan ne na yarda birnin nan rubuta shi aka yi kamar wasiƙa. Murtala ne ya sa hannu a dokar kafa shi a 1976 bayan kwamitin Mai Shari'a Aguda ya ba da shawara, aka zaɓi tsakiyar ƙasa inda ba ɗaya daga manyan ƙabilu da zai ce gidansa ne, wani kamfanin Amurka ya yi babban tsarin a 1979, wani Bajapane Kenzo Tange ya zana tsakiyar, sai ranar 12 ga Disamba 1991 Babangida ya taso daga Legas. Yaro ya tsayar da ni ya ce duba, komai ya miƙe ya nufi dutsen Aso, a gindinsa aka ajiye fadar shugaban ƙasa da Majalisa mai koren ƙubba da Kotun Ƙoli, wato dutsen ne jingina, ana so ka ji cewa mulkin nan ba ya gusawa. Ga Masallacin Ƙasa da ƙubbarsa ruwan zinari da hasumiya huɗu, ga babbar majami'ar Kirista can tana kallonsa, an auna su yadda ba wanda zai ce an danne shi, ko lambar motar garin ma cibiyar haɗin kai aka rubuta. Ga ginin ma'aikatar tsaro da aka yi shi kamar jirgin ruwa a garin da ba teku. Sunayen tituna kuwa kamar littafin tarihi, Ahmadu Bello, Herbert Macaulay, Shehu Shagari, ni wanda ya ba ni dariya shi ne titin Aminu Kano a Wuse 2, jagoran talakawa guda amma titinsa cike da wuraren cin abincin da talaka ko ruwan leda ba zai iya saya ba.

Gaskiya garin yana da kyau, ba zan yi hassada ba. Amma mun yi tafiyar kusan awa biyu da ƙafa ban ga inda mutum zai zauna ba tare da ya biya kuɗi ko an tambaye shi wa yake nema ba. Ba dakali, ba gindin bishiya mai tabarma, acaɓa ma an hana shi shiga tsakiyar gari tun zamanin da El-Rufa'i yake minista. Sai a masallaci na huta, bayan an sallame harabar ta rikiɗe ta zama kasuwa, masu turare da hula da zuma da kilishi da littattafai, Hausa ko ta ina, ka rantse a bakin masallacin Juma'a na Zariya kake. A hanyar komawa ya nuna min wasu gidaje da aka shafa wa jan fenti alamar gicciye, yace wannan ba sai an fassara wa kowa ba, rusau ne yake tafe. Kusa da su kuma wani bango an rubuta da Turanci wai gidan nan ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da 'yan damfara.

Daren nan na yi mafarki, kuma shi ne ma dalilin wannan dogon rubutun. Na ga ni a tsohon gidanmu, na shiga zaure na wuce shigifa sai na ga wata ƙofa da ban taɓa sani ba, na tura na gangara, ɗaki ne mai duhu da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga kayan aikin Baba a jingine ga tubala a jere ba su bushe ba, ina jin ana sallama a waje ana ta sallama amma na rasa hanyar fita in amsa. Na farka zuciyata tana bugawa. Da safe muna shan koko na gaya wa yaron, maimakon yace Allah ya sa alheri sai ya ajiye kofi yace Kawu ka san wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan Carl Jung, Yung ake furtawa, ya yi kusan irinsa a 1909 lokacin da suka yi tafiya Amurka da abokin sana'arsa Sigmund Freud. Shi ya ga kansa a saman bene na wani gida mai kayan ado, ya sauko ƙasa ya tarar ginin ya fi na sama tsufa, ya gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya ga bango irin na zamanin Rumawa, ya ɗaga wani faifan dutse ya sake gangarawa sai ga kogo da ƙura da fasassun tukwane da ƙoƙon kan mutum biyu. Freud ya nace sai ya faɗi su wa yake fatan su mutu, shi kuwa Jung a ransa yana ganin gidan nan zuciyarsa ce, saman shi ne abin da mutum ya sani game da kansa, can ƙasa kuma akwai abin da ya gada tun kaka da kakanni wanda duk 'yan Adam suka yi tarayya a ciki. Daga irin wannan ne abin da suke kira ilimin zurfin zuciya ya yi rassa. Jung har gida ya gina wa kansa da dutse a bakin tafkin Zurich tun daga 1923, ba lantarki ba famfo, yana ƙara masa ɓangare duk bayan wasu shekaru yadda yake jin kansa yana canzawa. Yace kuma akwai abin da Jung yake kira inuwa, wato halin da mutum ba ya so a gani a tare da shi sai ya tura shi baya ya yi kamar ba nasa ba ne, to Kawu Mararaba da Nyanya da Mpape su ne inuwar Abuja.

Nace dakata ɗana. Na farko mu muna da namu ilimin mafarkin tun kan a haifi kakan Jung, ga Ibn Sirin nan, kuma an koya mana wani mafarkin bushara ne wani daga Shaiɗan ne wani kuma zancen zuci ne kawai, nawa bai wuce na ukun ba tunda kwana biyu muna zancen Baba. Na biyu mutanen da na gani a goslon nan ba inuwar kowa ba ne, mutane ne da 'ya'yansu da haya a kansu, wannan irin magana tana da daɗi a baki amma ba ta rage kuɗin mota. Sai dai can cikin raina na san akwai ƙanshin gaskiya, don malamanmu ma sun daɗe suna maganar zahiri da baɗini, kuma na tuna masallacin Juma'armu na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830, daga waje ginin zamani za ka gani da aka lulluɓe shi da shi, sai ka shiga ciki ka tarar da tsoffin bakan gizon ƙasa suna nan tsaye, ka ji sanyi da nauyi sun sauko maka. Ban gaya masa wannan ba kar kansa ya yi girma.

Asabar na ce bari in gai da wani abokin karatuna da Allah ya ɗaga, yana wani rukunin gidaje cikin gari, tun ina Zariya yace in na shigo lallai in neme shi. Get na farko sai da aka kira waya, ba a ɗauka ba, yaron ya nuna katin aikinsa aka bar mu. Gidajen ciki duk kamar an haife su rana ɗaya, rufi baƙi mai tsini irin na ƙasashen da ƙanƙara take zuba, katanga ta fi mutum biyu tsawo da waya mai lantarki a sama, ga wasu dogayen ginshiƙai farare a gaban kowane gida. Ɗan yayata ya raɗa min wai Kawu yawancinsu fa holoƙo ne ba abin da suke ɗauke da shi, a mazubi ake yin su a manna, shi da kansa ya zana irinsu sun fi a ƙirga, in ya cire mai gida yace a mayar don gidan bai yi kama da na mai kuɗi ba. Nace to ai zankwaye ne na zamani. Yace a'a, zanko ko ba komai yana riƙe kusurwa.

Mun ƙwanƙwasa, wata 'yar taga ta buɗe a jikin get ɗin ido ya leƙo. Alhaji yana hutawa. Na kira sau uku ba a ɗauka ba, ga motoci huɗu ina hangowa ta ƙasan ƙofa. Ban ji haushi sosai ba wallahi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ƙila da gaske barci yake ƙila kuma masu zuwa da takarda a jaka sun ishe shi, kuma a zamanin satar mutanen nan wa zai ga laifin mai doguwar katanga. Muna shirin juyawa sai maigadin ya fito, dattijo ne da furfura, daga jin harshensa mutumin wajen Sakkwato ne, yace Malam daga ina, nace Zariya, yace subhanallahi a rana haka, ku zo ku zauna. Ɗakinsa bai fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba, manne da get, amma a gefensa ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro ya ajiye benci da buta biyu da 'yar randa da ya rufe da faifai. Ya ba mu ruwa a moɗa, ya fasa goro ya miƙo min rabi, kafin wani lokaci mai wankin mota na gidan gaba ya zo, mai yankan farce ya zo, wani direba ya kawo ɗumamen tuwo a kula aka sa hannu tare, azahar ta yi Baba maigadi ya shimfiɗa kwali da tabarma ya ce Malam bismilla ja mu. Nace Baba shekara nawa kana nan, yace tara, nace ka taɓa shiga falon, ya yi dariya yace sau ɗaya, ranar da aka kawo sabuwar kujera aka rasa mai kamawa. Awa biyu muka yi a wurin, Alhaji bai fito ba, ni kuma har na manta shi na zo gani. Da za mu tafi na ba shi 2,000 ya ƙi karɓa sai da na ce na goro ne. Muna tafe yaron yana ta murmushi, nace kar ka ce komai, yace ni ban ce komai ba Kawu.

Lahadi jirgin ƙasa na so bi daga Kubwa zuwa Rigasa amma tikiti ya ƙare a intanet, na koma Zuba na hau mota, hanya lafiya lau sai faci ɗaya da muka yi bayan Kateri. Ban shigo Zariya ba sai bayan goma na dare, mai adaidaita ya sauke ni a bakin lungu. Wanda ya san gidanmu ya san shekara shida kenan da na toshe ƙofar zauren Baba ta ciki na fasa ta waje na sa ƙofar ƙarfe, wani yaro mai POS da cajin waya yake haya, kuɗin suna taimaka min da na makarantar yara, mu kuma muka fitar da get ta gefe. Dagin da yake saman ƙofar yana nan amma allon shagon ya rufe rabinsa. An ɗauke wuta, shagon a kulle, na buga get na buga ba wanda ya ji don suna can ciki, wayar uwargida a kashe, tawa saura kashi uku. Na ajiye jaka na zauna a kan ɗan dakalin mai POS ina kiran lambar babban ɗana, karo na huɗu ya ɗauka cikin barci yace waye.